Ruwan Bidiyo da Ruwan Kanal

Ka taɓa ganin irin bidiyon kwamfutar nan da ake tallata aikin noman rani da shi, ruwa shuɗi fes yana gangarowa har gonar ƙarshe? Ka tambayi da wane lissafi aka zana shi.

Dabarun masu fim, don ido aka yi su. A 1999 Jos Stam ya fito da hanyar da kwamfuta ke lissafa motsin ruwa da sauri ba tare da lissafin ya wargaje ba. Aiki ne mai kyau, sai dai juyin ruwan yana mutuwa da wuri fiye da na gaske. A fim, wa ya damu?

Ruwan Tiga kuwa, kafin ya ratsa Kura da Bunkure, sai ya gamu da laka, da kacala, da mai injin da ya zuƙe a sama. Injiniya kan kama wannan da lissafin Saint-Venant na 1871, ya sa kaushin kanal a ciki. Mai tumatir a ƙarshen layi fa, lita nawa ke iso masa a daƙiƙa yake son ji, kuma bidiyon ba ya faɗa.