Ƙaramin Madubin Saiti Mai Ƙarfi Ɗaya a Farautar Kusa

Madubin saiti bututu ne mai gilasai a ciki da ake ɗaurawa a kan bindiga, yana jawo abin hari kusa da idon maharbi, yana kuma nuna masa ta wasu siraran layuka daidai inda harsashi zai sauka. Lambobi biyu ake rubutawa a jikinsa. Idan an ga 2.5x20, ma'anarsa ita ce yana ninka girman abu sau biyu da rabi, faɗin gilashinsa na gaba kuma milimita 20 ne. Akwai wanda ƙarfinsa ɗaya ne tak, yadda aka ƙera shi haka zai tabbata. Akwai kuma mai zobe da ake murzawa ƙarfin ya hau ko ya sauka, kamar 3-9x40 da ya cika kasuwa a yau. Na farkon, musamman mai ƙarfin da bai wuce ninki huɗu ba, shi ne kayan aikin masu farauta a kurmi tun kafin yaƙin duniya na biyu.

Wuraren da aka fi saninsa duk hali ɗaya ya haɗa su: dabba ba ta bayyana sai ta yi kusa, kuma ba ta jira. Haka abin yake a dazuzzukan Maine da Pennsylvania da Michigan a Amurka, inda ake farautar barewar nan mai farar wutsiya a tsakanin itatuwa masu duhu. Haka yake a farautar kora ta Jamus da Faransa, inda mutane da karnuka ke taso aladen daji su ratso hanya a guje ta gaban maharba. Haka kuma yake ga mai bin sawun ɓauna cikin sarƙaƙiya a Tanzaniya ko Zimbabuwe. A duk waɗannan wurare harbin yakan faru ne ƙasa da mita 100, sau da yawa ma bai kai rabin haka ba. Matsalar maharbi a nan ita ce ya samo dabbar a cikin gilashi kafin ta shige, domin girmanta ya riga ya isa ido.

Wannan ne ya sa faɗin filin da madubi ke nunawa ya fi komai muhimmanci. Duk lokacin da ƙarfin ninki ya ƙaru, fili yana tsukewa. Madubi mai ninki 2.5 yakan nuna faɗin kimanin mita 13 a nisan mita 100, mai ninki 9 kuwa da ƙyar yake kai mita biyar. Idan aka dawo nisan mita 30, na farkon yana nuna kusan mita huɗu, na biyun bai kai mita ɗaya da rabi ba, wato bai ma kai tsawon jikin barewar ba. Maharbin da ya ɗaga bindiga da irin wannan ƙarfi sai ya ga gashi da ganye sun cika masa ido, bai san kafaɗa yake kallo ko cinya ba, tamkar mai neman ɗansa a taron kasuwa ta kafar makulli. Da ƙaramin ninki kuwa zai ga dabbar gaba ɗaya, ya ga gibin da ta nufa, ya ga abin da ke bayanta, wanda shi ne babban sharaɗin tsare rayukan abokan farauta. Da yawa ma sukan iya barin idanu biyu a buɗe. Wani amfanin shi ne rawar hannu: madubi yana ninka ta yadda yake ninka dabba, mai harbi a tsaye ba tare da majingina ba kuma yakan firgita idan ya ga layukan saiti suna yawo, ya fizgi kunama kafin lokaci.

Batun haske yakan ruɗi masu saye, domin ana ɗauka cewa sai babban gilashi ne ke gani da asuba ko magariba. Lissafin ba haka yake ba. Kaurin hasken da ke fitowa daga madubi zuwa ido ana samun sa ne ta raba faɗin gilashin gaba da ƙarfin ninki. Madubi 2.5x20 yana ba da milimita takwas, 3-9x40 da aka murɗe zuwa ƙarshe yana ba da ƙasa da huɗu da rabi. Kafar da haske ke shiga ta ƙwayar idon mutum ba ta cika wuce milimita bakwai ba ko a cikin duhu, kuma tana raguwa da shekaru. Ke nan ƙaramin madubi yana kawo wa ido duk abin da zai iya ɗauka, har da rara. Rarar ma tana da aiki: ko kuncin maharbi bai zauna daidai a kan ƙotar bindiga ba saboda gaggawa, hoton ba zai ɗauke ba.

Sai tazarar da ke tsakanin ido da gilashin baya. Ƙananan madubai sukan bar inci huɗu zuwa biyar, wanda ya fi na yawancin masu canza ƙarfi idan an kai su maƙura. Ga mai riƙe da babbar bindiga irin .375 H&H, wadda ta fito a 1912, ko tsohuwar .45-70 ta 1873, wannan tazara ita ce ke hana bakin bututu ya tsaga masa gira lokacin da bindiga ta yi shuri. Nauyinsu kuma kaɗan ne, wasu ba su kai giram 200 ba, abu marar nauyi kuwa bai cika zamewa daga maɗaurinsa ba idan shurin ya yi ƙarfi. Gilasan ciki ba su da yawa, babu na'urar da ke zuga su gaba da baya, don haka abin lalacewa ya ragu. Saboda kansa siriri ne, ana iya kwantar da shi dab da bututun bindiga, maharbi ya kafa kunci kamar yadda ya saba.

Mai tambaya zai iya cewa, tunda nisan kaɗan ne, me ya hana a tsaya ga saitin ƙarfe da bindiga ta zo da shi? Saitin ƙarfe yana neman ido ya kula da abu uku a nisa daban-daban: tsagar baya, tsinken gaba, da dabba. Idon saurayi yana iya tsalle a tsakaninsu, amma daga shekara arba'in da ɗoriya wannan iko yakan fara raguwa. Madubi yana ɗora layukan saiti da dabba a wuri ɗaya, ido ya huta. Dattawan maharba da dama sun ci gaba da shiga daji ne albarkacin wannan, ba don suna bukatar ninki ba.

Tarihin madubin farauta da ƙaramin ninki ya fara. Kamfanin Zeiss na Jamus ya yi suna a shekarun 1920 da Zielvier mai ninki huɗu. A Amurka, William Weaver ya fara ƙera masu araha a 1930, daga baya ya kafa masana'antarsa a El Paso ta jihar Texas, sojojin ƙasar kuma sun ɗaura samfurinsa na 330 da madubin Alaskan na kamfanin Lyman mai ninki 2.5 a kan bindigoginsu a yaƙin duniya na biyu. Bayan yaƙi Weaver ya fito da K2.5 da K4, waɗanda suka shiga hannun maharbi talaka. A ƙarshen shekarun 1940 kamfanin Leupold na Oregon ya fara cika bututu da iskar naitirojin don hana gilashi yin gumi daga ciki, a 1962 kuma ya kawo layukan Duplex, masu kauri a gefe da siranta a tsakiya, waɗanda ke jan ido zuwa cibiya cikin duhun kurmi. Jamusawa tun da can suna da nasu masu kaurin sanduna uku, irin wanda suke kira lamba 4, kuma har yau da wuya a sami wanda ya fi shi ga dabbar da ke gudu. Jack O'Connor, marubucin mujallar Outdoor Life, ya daɗe yana nuna cewa ninki huɗu ya wadatar ko a farautar tsauni.

Masu canza ƙarfi na farko suna da aibi: saiti yakan goce idan an murza zobe, ruwa kuma yana samun hanyar shiga. Da aka magance waɗannan, sai suka kwashe kasuwa, domin mai saye a kanti yana ganin ya sami madubi da yawa a kuɗin ɗaya, kuma a filin gwaji ninki tara yana nuna ramin harsashi a takarda. Abin da bai tafi ba shi ne mantuwar ɗan Adam. Maharbi ya murza zuwa tara don ya duba wani motsi a nesa, ya manta bai mayar ba, dabba ta taso a gabansa. Madubi mai ƙarfi ɗaya ba ya ba da damar wannan kuskure, kuma wanda ya shekara yana kallo ta ninki ɗaya yakan iya ƙiyasta nisa daga girman dabba a tsakanin layuka.

A shekarun 1980 Jeff Cooper, tsohon hafsan sojan Amurka mai makarantar harbi a Arizona, ya farfaɗo da tsarin ta wata fuska. Ya tsara gajeriyar bindiga mai tsawon kimanin mita ɗaya da nauyin kusan kilo uku, da madubi mai ninki biyu zuwa uku da aka tura gaba can kan bututu, nesa da ido, don maharbi ya ga gefe da gefe. Kamfanin Steyr na Ostiriya ya ƙera ta a ƙarshen shekarun 1990. Tsarin yana da sauri, sai dai filinsa ya fi ƙunci, kuma rana idan tana bayan mutum takan haska gilashin.

Ƙaramin madubi ya dace da harsasan da ake farautar kusa da su. Harsashin .30-30 na 1895, idan aka saita shi a mita 100, yakan sauka da kimanin santimita 20 a mita 200, wato daidai faɗin wurin da ake nema a ƙirjin barewa. Inda harsashi ya gaza, a nan madubin ma ya tsaya. Jihohi irin su Ohio, wadda ta halatta bindigogi masu harsashi mai miƙaƙƙen kwanso a farautar barewa a 2014, sun ƙara yawan masu riƙe da irin waɗannan makamai na gajeren zango.

Iyakarsa a fili take. Ba ya taimakawa wajen ƙirga rassan ƙaho inda doka ta ƙayyade su, ba ya nuna siririn reshen da ke tsakanin bindiga da dabba a mita 150. Tantance dabba aikin tabarau na hangen nesa ne, kuma duba abin da ba a gane ba ta madubin bindiga yana nufin an auna shi da makami. Yana da abokan gasa na gaskiya: saitin jan ɗigo da kamfanin Aimpoint na Suwidin ya fito da shi a 1975 ya fi shi sauri a mita 20, amma yana bukatar batir, ba ya ninka komai, kuma mai matsalar ido yakan ga ɗigon ya baje. Masu 1-4x da 1-6x suna haɗa amfanin biyun, a kan ƙarin nauyi da kuɗi.

Kamfanonin da ke ƙera masu ƙarfi ɗaya sun ragu, shi ya sa masu nema sukan koma ga tsofaffi. Mai sayen tsoho yakan duba ko gilashi yana gumi idan an fito da shi daga sanyi, ko maɓallan saiti suna komawa inda aka baro su, da kuma ko layukan suna zama a tsakiya, domin a samfuran farko layukan kansu ne ke matsawa gefe idan an gyara saiti.