Karin Waƙa da Karin Harshe a Majami'un Dutse

Wanda ya saurari sujada a majami'un ECWA na ƙasar Dutse zai ji waƙoƙi iri biyu. Akwai na cikin Littafin Waƙoƙi, waɗanda 'yan mishan suka juyo da yawansu daga Turanci tun kafin a kafa ECWA a 1954. An ɗora Hausa bisa karin Turawa, har gajeren wasali ya miƙe, gaɓa mai hawa ta sauka, alhali kuwa da waɗannan Bahaushe yake rarrabe ma'ana. Waƙoƙin Zumuntar Mata fa, masu bayarwa da amshi da kiɗan tulu, karinsu daga maganar kanta ya fito. A ganina su ya kamata malaman Hausa su fara rubutawa, domin akasarinsu a ka suke.