Iskokin daji da maƙera: ɗan nazari a kan fim ɗin Mononoke Hime

1. Gabatarwa

A cikin wannan ɗan nazari za mu duba fim ɗin zane mai motsi da Hayao Miyazaki ya shirya a kamfanin Ghibli, wanda ya fito a Japan a 1997, ya isa Faransa a 2000 da sunan Princesse Mononoké. Labarin yana faruwa a zamanin Muromachi (1336-1573). Wani aladen daji da aka harba da dunƙulen ƙarfe ya zama abin tsoro, ya taɓa hannun saurayi Ashitaka, ya bar masa ciwo mai kisa. Neman magani ya kai shi garin maƙera na uwargida Eboshi, inda ake sare daji don narka tama, kuma iskokin dajin suna yaƙi da garin. A ganinmu, gwanintar fim ɗin tana ga yadda ya zana iskokin nan, kuma mai kallo daga Magarya ko Dungas yana da kalmomin fahimtarsa fiye da wanda ya dogara ga fassarar Faransanci.

2. Matsalar kalmomi

A Japananci mononoke suna ne gama-gari na abin ɓoye da ke taɓa mutum ya sa masa cuta. Mai karanta taken Faransanci kuwa zai ɗauke shi sunan yanka na yarinyar, alhali sunanta San. "Gimbiyar iskoki" ya fi kusa da ma'anar. Haka ma kalmar kami, wadda aka mayar dieu. Wannan fassara tana jawo tunanin mahalicci wanda ba ya mutuwa. Kami na fim ɗin suna da mazauni, suna fushi, suna tsufa, harsashi yana kama su. Bahaushen da ya san ana cewa tsamiya da kuka gidan iskoki ne ba ya bukatar dogon bayani a nan.

3. Zane da shiru

Babban iskan dajin, Shishigami, yana da jikin barewa da fuska kamar ta mutum. Duk inda ya taka, ciyawa ta tsiro nan take, ta bushe nan take. Cikin taki ɗaya mai zanen ya nuna cewa rai da mutuwa hannu ɗaya suke fitowa. Sa'ad da Shishigami ya bayyana a bakin tabki, kiɗan Joe Hisaishi yakan ja baya, kusan duk sauti ya ɗauke. Ya warkar da raunin bindiga da ke jikin Ashitaka, ya bar masa ciwon hannu, bai kuma faɗi dalili ba, domin ba ya magana ko sau ɗaya a fim ɗin.

4. Labari babu Dodo

A tatsuniya akan san Dodo tun farko, kuma kashe shi ne ke kawo ƙarshen labari. Miyazaki ya hana mu wannan sauƙi. Eboshi mai sare daji ita ce ta fanshi mata daga gidajen karuwai ta ba su aikin zuga-zugi, ita ce kuma ta karɓi kutare. Idan wutar maƙera ta mutu, waɗannan ne za su fara shan wuya. Mun san irin wannan ciniki: gawayin ƙirya shi maƙeri ya fi so, kuma da shi ake ƙera hauyar da ke ciyar da gari.

5. Ƙarshen fim ɗin a idon manomin Magarya

Bayan Eboshi ta harbe kan Shishigami, aka mayar masa da shi, ya faɗi, sai tsaunuka suka yi kore cikin ƴan mintoci. Miyazaki ya yi gaskiya ta wani gefe, don abin da ya tsiro ciyawa ce da ƙananan itatuwa. Tsohon dajin bai komo ba. Amma a nan ne muke ganin rauninsa. A Magarya da Dungas, wadda aka cire daga gundumar Magarya a 2011, gonaki sun sake cika da gawo bayan farin shekarun 1970 da 1980 ta hanyar sassaben zamani: manomi ya bar tohon da ya fito, ya zaɓi rassa kaɗan, ya kare su daga dabbobi da gatari shekara da shekaru. Fim ɗin ya nuna wahalar narka ƙarfe dalla-dalla, har zufar masu zuga, sai ya bar farfaɗowar daji ga abin al'ajabi.

6. Kammalawa

Wannan rauni bai rage darajar sauran aikin ba. Muna ba da shawarar a sa fim ɗin cikin darussan fassara: a ba ɗalibai kalmomin kami da mononoke su mayar da Hausa da Faransanci, sa'an nan a kwatanta abin da kowane harshe ya riƙe da abin da ya zubar.