Wata Guda Tsakanin Aljannu da Taurari

Wanda ya keɓe wata guda don karanta littattafan mamaki na Hausa ba zai sha wahalar zaɓe ba, gama ba su da yawa. Huɗu sun isa, kowane mako ɗaya: Ruwan Bagaja, Ganɗoki, Iliya Ɗan Maiƙarfi, da Tauraruwa Mai Wutsiya. A gidaje da dama iyaye sukan kawar da irin waɗannan daga hannun yara, wai labarin aljannu da sihiri ne. Kafin a yanke musu hukunci ya kamata a buɗe su a ga abin da ke ciki.

Biyu na farko 'yan gida ɗaya ne. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara a Zariya ya sa gasar rubuta labari, littattafan kuwa suka fara fitowa a 1934. A cikinsu akwai Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda bai bar doron ƙasa ba, ya bi hanyar bayi ta hamada har Murzuk a ƙasar Fezzan. Abubakar Imam da ɗan'uwansa Bello Kagara kuwa suka saki linzami.

Ruwan Bagaja shi ne gwani a cikinsu, amma ba don aljannunsa ba. Alhaji Imam ya fita neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, ya yi shekaru yana yawon duniya. Abin da ke riƙe mai karatu shi ne Malam Zurƙe ɗan Muhamman, abokin hamayyarsa. Yau wannan ya cuci wancan, gobe wancan ya rama, kowa da rawaninsa da ƙaryarsa. A nan Hausar Imam take gudu kamar ruwa, a nan kuma dariya take. Da labarin ya kai ƙasar aljannu sai ya yi sanyi. Dalili a fili yake: muddin akwai aljanin da zai ɗauki mutum ya kai shi inda yake so, babu sauran fargaba. Wahalar da za a iya kawar da ita da ƙiftawar ido ba ta sa zuciyar kowa ta buga.

Ganɗoki ya fi nauyi, ya kuma fi ban tausayi. Ya fara da tarihi na gaskiya, wato yaƙin Nagwamatse na Kwantagora da Turawa, da faɗuwar Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903. Daga nan jarumin ya tsallaka wata duniya inda yake karkashe dodanni ba adadi. Ba wuya a gane abin da ya faru: takobin da ya kasa da bindigar Bature shi ne aka kai inda zai yi nasara. Wannan ya sa littafin ya wuce tatsuniya, ya zama kukan mutanen da aka ci da yaƙi. Aibinsa shi ne yaƙe-yaƙen sun yi kama da juna, har mai karatu ya gaji da ƙirga gawa.

Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, na 1951, baƙo ne da aka sa wa riga da hula. Asalinsa Iliya Muromets ne na tatsuniyoyin Rasha, Sarki Waldima kuwa Vladimir ne na birnin Kiev. Farkonsa, inda gurgu ya miƙe ya sami ƙarfi, ya fi sauran duka kyau.

Mako na ƙarshe na Umaru Dembo ne. Tauraruwa Mai Wutsiya ta fito a Zariya a 1969, shekarar da 'yan Amurka suka sauka a kan wata. Yaro Kilba ya gamu da Kolin Koliyo, baƙo daga sama, suka yi tafiya cikin sarari. A nan ba laya ce ke ɗaukar mutum ba, na'ura ce, tambayar kuma ta sake: yaya al'adun gida za su bayyana a idon wanda bai taɓa ganinsu ba? Dembo yakan tsaya ya koyar a inda ya kamata labari ya ci gaba, duk da haka ya buɗe ƙofa. Kaɗan ne suka bi ta cikinta. Tun daga shekarun 1980 kasuwar Kano ta koma ga littattafan soyayya, masu son abin mamaki kuma suka koma ga labaran yaƙi da matsafa irin na Abdulaziz Sani Madakin Gini.

Game da tsoron iyaye, kasancewar aljani a shafi ba ita ce ma'auni ba. C. S. Lewis, mai bi ne sananne, ya cika littattafan Narnia bakwai da mayya da dabbobi masu magana tsakanin 1950 da 1956. Abin dubawa shi ne ko sihirin yana da farashi. A wannan fanni wani littafi na zamanin gasar East ya fi huɗun nan zurfi, wato Jiki Magayi na John Tafida na Wusasa da East. Abubakar ya nemi asiri don ya rama kwace masa Zainab da aka yi, asirin ya ci, yaro Kyauta ya lalace har ya kashe mahaifinsa, shi kuma mai ramuwar bai ji daɗin kome ba. Idan watan yana da kwana 31, sauran kwana ukun nasa ne.