Usur a Hannun Wa? Nazari Kan Alƙalancin Ƙwallon Yara a Unguwanni

A Kano, kamar sauran biranen Arewa, da wuya hutun makaranta ya wuce ba a buga gasar ƙwallon ƙafa tsakanin yaran unguwanni ba. Masu shiryawa kan wahala wajen neman kofi da riguna da babban baƙo, amma batun wanda zai riƙe usur sai a bar shi zuwa ranar wasa. Sau da yawa akan miƙa wa wani matashi mai ƙarfin murya, ko tsohon ɗan wasan da ake jin nauyinsa. Ra'ayina shi ne mun juya tsarin a baibai: muna kai gogaggun alƙalai inda 'yan wasa suka riga suka san doka, muna barin yara, waɗanda suka fi kowa bukatar jagora, a hannun ɗan koyo.

Hujjar masu wannan al'ada ita ce wai wasan yara ne, ba ya bukatar gwani. Duk wanda ya karanta Doka ta 12 daga cikin dokoki 17 da hukumar IFAB ke fitarwa zai ga raunin wannan hujja. Dokar ta kasa keta gida uku. Akwai ta sakaci, wadda hukuncinta bugun tazara ne kawai. Akwai ta ganganci, mai jawo katin gargaɗi. Sai kuma ta amfani da ƙarfin da ya wuce kima, wadda ke kai ga jan kati. A takarda abin da sauƙi. A filin ƙasa mai tsakuwa kuwa, inda babu farin layi balle masu ɗaga tuta, dole alƙali ya rarrabe su cikin ƙiftawar ido. Yaro ɗan shekara 13 yakan kai sara da ƙafa biyu ba don mugunta ba, sai don ya ga ana yi a talabijin. Ɗan koyo ko dai ya kawar da kai don tsoron 'yan kallo, ko ya zaro jan kati a fusace. Gogagge kuwa tun daga ketar farko yake gane inda wasan ya dosa, ya kira yaron da kyaftin ɗinsa, ya ja kunne da kalma biyu, kafin a kai ga karaya. Wannan ilimi ba ya cikin littafi, shekaru ne ke koyar da shi. Kuma abin da yaro ya ga an kyale a wannan fili, shi zai ɗauka a matsayin doka har ya girma.

Sai dai ba zan bi sahun masu ganin furfura kaɗai ta isa shaida ba. Dokar ƙwallo tana sauyawa, kuma gogewar da ba a sabunta ta kan zama taurin kai. Tun 2016 aka halatta buga ƙwallon fara wasa ta kowace fuska. A 2019 aka daina tilasta wa ƙwallo fita daga yadi 18 kafin abokin wasa ya taɓa ta idan an bugo daga gida. A 2025 aka ba mai tsaron gida daƙiƙa takwas na riƙe ƙwallo, idan ya wuce a ba abokan hamayya bugun kusurwa. Dattijon da ya tsaya kan abin da ya koya shekara ashirin baya zai busa usur da cikakken tabbaci a kan abin da ba laifi ba ne, kuma saboda girmansa babu mai iya musa masa. Kuskurensa ya fi na ɗan koyo illa, domin nasa ana yarda da shi.

Akwai kuma sassaucin da dokar ta tanadar wa yara wanda masu shirya gasa ba su cika amfani da shi ba. IFAB ta yarje wa hukumomin ƙasashe su rage girman fili da raga da tsawon lokaci a wasannin matasa, su bar wanda aka canza ya sake dawowa, har ma tun 2017 su yi amfani da korar wucin gadi ta 'yan mintuna. Doka ta 7 ta ba da damar hutun shan ruwa da na shan iska. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano kan kai digiri 40, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma alƙalin da ya san aikinsa ne zai tuna da shi.

Gasa irin ta Kofin Ramat da ake yi a Kano tana nuna cewa ana iya ɗaukar ƙwallon matasa da muhimmanci. Amma yaran da ke kaiwa can daga lungu suka fito, kuma a lungun ne halinsu ya ginu. Don haka abin da nake ganin ya dace da alƙalin da gudu ya fara yi wa wuya shi ne kujera a bakin layi. Matashi ya riƙe usur ya bi ƙwallo, dattijo ya zauna da littafin dokar bana a hannu, ya gyara masa a lokacin hutun rabin lokaci, ya kuma tsaya tsakaninsa da 'yan kallo idan rai ya ɓaci. Kuɗin motarsa bai kai rabin abin da ake kashewa wajen hayar rumfa da kujerun ranar ƙarshe ba.