Tarken Labarin "Da A Ce": Attajiri da Kujerar Mulki a Zaɓen 1993

A nahawun Hausa akwai harafin "da" mai dogon wasali da karin sauti na ƙasa, wanda yake zuwa sau biyu a jimla don ɗora sakamako a kan sharaɗin da bai auku ba, kamar a ce: da an yi ruwa, da gero ya yi kyau. Ya sha bamban da "in" ko "idan", domin waɗannan suna barin ƙofa a buɗe, shi kuwa yana zuwa ne bayan an rufe ta. A kan irin wannan jimla ake gina wani nau'in ƙagaggen labari mai karkatar da tarihi daga hanyar da ya bi. Marubucin Amurka Philip Roth ya yi haka a 2004, inda ya sa Charles Lindbergh ya kayar da Roosevelt a zaɓen 1940. Ƙa'idar wannan zubi ita ce a sauya abu guda, sannan a bar sauran al'amura su yi aikinsu yadda suke.

A Nijeriya babu inda wannan salo ya yi kaka-gida kamar batun zaɓen 12 ga Yuni, 1993, wanda attajirai biyu suka fafata a cikinsa: Cif M.K.O. Abiola na jam'iyyar SDP da Alhaji Bashir Tofa na NRC. Abiola ya yi rinjaye har a Jihar Kano, mahaifar abokin takararsa, kafin gwamnatin Janar Babangida ta soke zaɓen a ranar 23 ga watan. Saboda haka mararrabar labarin ba faɗuwa zaɓe ba ce, hana rantsarwa ce. Duk shekara, musamman tun da aka mayar da ranar ta zama Ranar Dimokuraɗiyya a 2018, sharhunan jaridu da hirarrakin rediyo sukan koma kan jimla ɗaya: da an rantsar da shi, da talauci ya kau.

Raunin wannan labari yana ga ginin tauraronsa. Abiola na cikinsa ba mutum ba ne mai ƙarfi da rauni, gwarzon waƙar yabo ne. Ana lissafa kyautarsa, da aikinsa a kamfanin ITT, da jaridun Concord (har da Amana da take fitowa da Hausa), sai a ɗauki dukiyar a matsayin hujjar iya mulki. Wannan dabarar maroƙi ce, kuma a bakin maroƙi ba laifi ba ce. Amma a ƙagaggen tarihi ta karya ƙa'ida, domin an sauya abu guda a fili, an kuma share wasu da dama a ɓoye. Ina hafsoshin da suka ƙi amincewa da sakamakon? Ina Janar Sani Abacha mai riƙe da harkokin tsaro? Ina bashin ƙasashen waje da raɗaɗin shirin SAP? Ita kanta SDP ba tsintsiya ɗaya ba ce: akwai ɓangaren Shehu Musa 'Yar'aduwa, kuma mataimakin Abiola, Babagana Kingibe, ya karɓi muƙamin ministan harkokin waje a gwamnatin Abacha. Labarin da ya kawar da waɗannan ya kawar da rikicin da zai riƙe mai karatu.

Abin mamaki shi ne, tarihin gaskiya ya ba da abin gwaji wanda masu wannan hasashe ba su cika waiwaya ba. Cif Ernest Shonekan, tsohon shugaban kamfanin UAC, ya riƙe gwamnatin wucin gadi daga Agusta 1993, Abacha ya ture shi a ranar 17 ga Nuwamba. Gaskiya ne Shonekan naɗa shi aka yi, Abiola kuwa yana da ƙuri'un jama'a a bayansa, kuma wannan bambanci ba ƙarami ba ne. To, a nan ne ya kamata marubuci ya zauna ya yi aiki, ya nuna ko ƙuri'a za ta iya tare bindiga, da kuma ta wace hanya.

Akwai kuma ɓangaren da aka yi watsi da shi. Da wuya a ji mai cewa "da Tofa ya ci", alhali shi ma ɗan kasuwa ne, kuma kafin rasuwarsa a 2022 ya wallafa littattafai da Hausa. Rashin wannan reshe yana nuna cewa abin da ke tafiyar da labarin juyayi ne na mutumin da ya rasu a tsare a ranar 7 ga Yuli, 1998, ba son gano yadda attajiri zai yi da mulki ba.