Abuja Ba Ta San Adonta Ba

Duk wanda ya shigo Abuja daga filin jirgin sama sai ya bi ta Ƙofar Birni. Mun sha ɗaukar hoto a gabanta, amma mu nawa ne za mu iya faɗin sunan wanda ya zayyana ta? Haka abin yake a Unity Fountain, inda aka jera sunayen jihohi, inda kuma masu fafutukar ceto 'yan matan Chibok suka riƙa zama tun 2014. Wurin ya shiga tarihi, mai zanensa bai shiga bakin jama'a ba.

Tun 12 ga Disamba 1991 gwamnati ta tare a Abuja. An ƙawata shataletale da dandali, sai dai abin da muka fi gani a allon da ake mannawa shi ne sunan wanda ya ƙaddamar da aiki da ranar yanke kyalle. Wanda ya sha zafin ƙira da sassaƙa kuwa, ko oho. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Wannan abin kunya ne a yankin da ya haifi Ladi Kwali, maginiyar tukwanen da hotonta ke bayan naira 20. Mun san ta ne domin an rubuta sunanta. A Legas ma, da wuya a ambaci Anyanwu da ke jikin Gidan Tarihi na Ƙasa ba a ambaci Ben Enwonwu ba.

Wani zai ce ina ruwanmu da gumaka. To, ba duk adon fili ne mutum-mutumi ba. Akwai ƙofa, da hasumiya, da zanen bango, da dagin Arewa. Kuma rubuta abu a kundi ba bauta masa ba ne. A watan Yunin 2023 aka rushe shataletalen gidan gwamnatin Kano, wanda aka gina domin cikar jihar shekara 50. Ko muna goyon bayan rusau ɗin ko ba ma yi, darasin ɗaya ne: katafila ba ta jiran marubucin tarihi.

Aikin ba gagarau ba ne. A Amurka, shirin Save Outdoor Sculpture! da aka fara a 1989 ya tura 'yan sa-kai suka lissafa sassaƙe-sassaƙe sama da 30,000. Mu da wayoyi a hannu, abin da ake bukata kaɗan ne: hoto, wuri, shekara, sunan mai aiki, abin da aka yi shi da shi, halin da yake ciki, da hukumar da gyaransa ya rataya a wuyanta. Hukumar National Gallery of Art da aka kafa a 1993 da Hukumar Birnin Tarayya su ya kamata su riƙe kundin, ɗaliban zane na jami'o'i su bi unguwa-unguwa, a kuma saka bayanin da harsunan gida har da Hausa.

Idan ba a yi haka ba, ranar da aka tashi faɗaɗa titi, ba mai iya cewa ga abin da muka rasa.